Kunyar 'Yar Fari

Matata ta yi yaji ranar wata Laraba a tsakiyar damina, ina can kasuwar shanu ina duba bakin wani bijimi da ya ƙi cin abinci. Da na dawo na tarar da ƙofar ɗakinta a janye, tukwane a kife an wanke su tas. Ta ɗauki 'yarmu mai shekara biyu da 'yan zannuwanta, ta bar wa maƙwabciya saƙo cewa ta tafi gidansu a garin Sara, kada in wahalar da kaina da nema. Shekararmu tara da aure, ko sau ɗaya ba ta taɓa taka ƙofar gida da fushi ba.

Ni malamin dabbobi ne a Birnin Kudu. Asalinmu mutanen Maruta ne ta ƙasar Gwaram, masu shanu da 'yar gona. Fulatanci a bakin kakata ya ƙare, mu da Hausa muka buɗe baki, amma kunyar gado ba ta bi yaren ta tafi ba, tana nan daram a gidanmu. Ina da zuciya kuma, wannan kowa ya shaida. Ranar nan na tsaya a tsakar gida ina ta sababi ni kaɗai, ina cewa da me na rage ta, ci ko sha ko sutura? Kaji ne kawai suke saurarena.

Na san abin da na yi, ƙin sani nake yi. Kwana ɗaya kafin tafiyarta yarinyar ta faɗo daga dokin ƙofa ta ƙuje gwiwa, ƙujewar da ko jinin kirki ba ta yi ba. Na fito a guje, na fizge ta daga hannun uwar, na ce, "Wannan ma so kike ki kashe ta?" Muna da 'yar fari da ta rasu shekara uku kafin nan, tana da shekara huɗu a duniya, ita nake nufi. Matata ta dube ni, ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Tun rasuwar ta farin nake fama da faɗuwar gaba. Ina zaune lafiya lau sai zuciyata ta hau dukan uku-uku, tafin hannuna ya jiƙe, numfashi ya tsaya mini a maƙogwaro, in ji a jikina yanzu za a zo a ce mini wani ya mutu. Waya ta yi ƙara, sai in zabura. A wuni ina kiran gida ya fi a ƙirga: jikin yarinya da zafi? Ta ci? Ta yi tari? In matata ta ce lafiya ƙalau, in ce ta sake taɓawa. In ba ta ɗauki waya ba, in bar saniyar mutane da allura a hannuna in hau babur. Na mayar da gidan nan kamar ofishin 'yan sanda, ni ke tambaya ita ke amsawa, ba hira ba dariya. Kuma ko da wasa ban taɓa ce mata tsoro nake ji ba. Namiji ya buɗe baki ya ce wa matarsa yana jin tsoro? Ina! Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka aka koya mana.

Na yi abin da aka saba. Na tura baffana, ƙanin mahaifina, biko, da goro da turmin atamfa da sabulu. Surukina dattijon kirki ne, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kira 'yarsa ya yi mata faɗa. Baffa ya dawo ya ce mini ta durƙusa ta ce in Babanta ya ce ta koma za ta koma, amma ya sani ita zuciyarta ta fita daga gidan nan, ƙafa kawai za ta mayar. Da dattijon ya ji haka sai ya yanke magana: ta zauna a wurinsa zuwa cirar gyaɗa. In har lokacin ba ta sauko ba, in sawwaƙe mata, a rabu ana mutunci. Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki suka rage mini, ni kuma wallahi ina son matata, ko da yake ita ma wannan ban taɓa faɗa mata ba.

Magani kam na nema. Na sha rubutu. Wani ya ce iska ce ta shafe ni a bakin rafi, aka ba ni hayaƙi. Wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya da gadon baya, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga cutar nan ta fito. Goggona ta rantse sammu ne, har ta faɗi wanda take zargi, mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Addu'a ta riƙe ni, ban raina ta ba, amma faɗuwar gaba ba ta je ko'ina ba. Sai ranar wata kasuwa, ina zaune a rumfar dillalai ana hira, wani mutum ya zo ya sunkuyo daidai kunnena. Daga baya aka ce mini tunkiyarsa ce ta kasa haihuwa. Ni dai kafin ya buɗe baki na ga rumfar ta juya, sai farkawa na yi a gadon asibiti.

Aka gwada jini, aka gwada hawan jini, aka liƙa mini wayoyi a ƙirji. Likita ya duba takardu ya ce, "Malam, zuciyarka ta fi tawa lafiya. Fargaba ce ta yi maka yawa. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani." Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce in je ɗaki na ƙarshe a wancan ginin, akwai wanda zan riƙa zama da shi muna magana duk mako. Na san ginin, kowa ya san shi, can ake kai masu taɓin hankali. Raina ya ɓaci. Na ce, "Likita, ni ka ga na yi kama da mai tsince-tsince a bola?" Ya ce, "A'a. Ka yi kama da wanda ya faɗi a kasuwa."

Ranar farko can nesa na ajiye babur, wajen da ake yi wa jarirai rigakafi, don wanda ya gani ya ɗauka abin da ya kawo ni ke nan. Na isa na tarar da maza huɗu a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai. Ɗaya daga cikinsu dillalin shanu ne da na sani sarai, mutumin da in ya daka tsawa a kasuwa har bijimai suke nutsuwa. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai. Har yau ina zuwa ɗakin nan, shi ma yana zuwa, kuma in mun haɗu a kasuwa hannu bibbiyu muke gaisawa, ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

Wanda na tarar a ciki mutum ne mai furfura a gemu, ɗan wajen Kiyako, shi ma ɗan masu shanu. Ya ce shi ba likita ba ne, aikinsa sauraro da ba da shawara. Ni a raina Sarkin Tambaya na sa masa, don ba ka gama amsa ɗaya sai ya miƙo wata. Zama biyu na farko ban ba shi komai ba sai lafiya lau da alhamdu lillahi. Bai damu ba. Ya koya mini in abin ya taso in ja numfashi ta hanci a hankali, in riƙe, in sake shi ta baki kamar mai hura wuta da ɗanyen itace. Na ce yau ga ikon Allah, mutum da gemunsa sai an koya masa numfashi! Amma na gwada, kuma ya yi amfani, dole in faɗi gaskiya. Sannan ya ce in riƙa lura da inda abin yake kama ni da lokacin da yake kama ni.

A zama na uku na kawo masa abin da na lura. Ba ya kama ni ina aiki. Bijimi ya taso mini da ƙaho ko gezau ba na yi. Sai ina zaune cikin mutane, wani ya nufo ni da magana a bakinsa.

Ya ce, "Malam, yaranka nawa?"

Na ce, "Ɗaya."

"Ita ce ta fari?"

Ban amsa ba. Shi ɗan gida ne, ya san irin shirun nan. Ya ce, "Tana raye?" Na girgiza kai. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ce. Kana ina lokacin da aka zo maka da maganar?"

A gidanmu ɗan fari ba naka ba ne, na kakanni ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ba ka nuna ka san da zamansa. Ni kaina ɗan fari ne, har yau Baba bai taɓa kiran sunana ba, daga "kai" sai "wancan". Ban taɓa jin haushi ba, don karsanar da ta fi kyau a garke ni ya ba. Da aka haifa mini tawa sai na bi sawu. In ta rarrafo wurina a gaban mutane sai in janye ƙafa. A ɗaki kuwa, in ba kowa, a cinyata take wuni tana ja mini gemu. Dangi suna ta yabona, suna cewa wannan boko bai ɓata shi ba, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Abin da na ba Sarkin Tambaya labari shi ne wannan. Da daminar shekarar da ta rasu mun je Maruta gaishe da Baba. Bayan azahar dattawa suka taru a gindin tsamiyar ƙofar gida kan maganar burtali, wani ya nome hanyar da shanu suke bi zuwa rafi. Baba yana nan, baffannina suna nan, ga mai unguwa. Ni aka sa a tsakiya tunda ni ne ma'aikacin gwamnati. Ana cikin magana Goggo ta fito daga gida, ta sunkuyo ta ce mini, a hankali amma kowa ya ji, "Yarinyar nan jikinta ya yi zafi rau, tana ta amai. Uwar ta ce ka zo."

Na ji maganar nan har tafin ƙafata. Na ɗaga ido na ga idanun dattawa a kaina. Ba wanda ya hana ni tashi. Na rantse da Allah ba wanda ya hana ni. Amma 'yar fari ce, ga Baba a zaune. Sai na ce, "To, a ba ta ruwa," na juya na ci gaba da zancen burtali. Wani baffana ya gyaɗa kai, na ga alamar ya ji daɗi. Can Goggo ta sake fitowa, ba ta ma ƙaraso ba, daga bakin zaure ta yafuto ni. Na yi kamar ban gani ba. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar taro ya watse. Da na shiga gida aka ce matata ta gaji da jira, ta sa ƙanina ya ɗauke su a babur ta ƙofar baya, sun nufi asibiti a Gwaram. Na bi su. Na tarar an lulluɓe ta da zanen uwar.

Na ce wa Sarkin Tambaya, "Ka san abin da yake ci na? Da cewa aka yi saniyar Baba ce ta kumbura, ko takalmi ba zan tsaya sawa ba, kuma a ce na kyauta."

Na gaya masa sauran. Wurin zaman makoki na zauna fuska a bushe, ana cewa sai haƙuri ina cewa ai ba komai. Ranar uku na koma bakin aiki. Matata ta yi kukanta ita kaɗai. Tun daga ranar ban sake ambaton yarinyar a gabanta ba, ita ma ba ta ambata a gabana ba.

Na zaci zai ce mini ƙaddara ce in manta, ko kuma ya zage ni in ji sanyi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ban san ko da ka tashi da ta rayu ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma zazzaɓin nan yana kisa ko an yi sauri. Amma ba zan ce maka ba ka yi komai ba, don ka san ka zauna, in na faɗa ma ba za ka yarda ba. Ranar nan aka kira ka ba ka tashi ba, tun daga nan jikinka yake zabura ko ba a kira ka ba." Sannan ya ce, "To laifin nan da ya fi ƙarfinka, wa kake ɗora wa a gida?"

Na miƙe na buga masa ƙofa na fita. Mako na gaba ban je ba. Na yi ta zaginsa a raina, ina cewa wane ne shi, daga ganin mutum sau uku sai ya yi masa hukunci? Amma duk inda na juya maganar tana nan, don gaskiya ce. Na koma. Bai tayar da zancen ƙofa ba, ya miƙo mini kujera. Muka yi zama da dama bayan nan, wasu ina magana, wasu ina zaune kawai yana jira. Wata rana ya ce, "Ka taɓa tambayar matarka yadda aka yi a hanya, daga Maruta zuwa Gwaram?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce, "Kai ka san abin da ya faru a gindin tsamiya. Ita ta san na kan babur. Kowa ya rungume nasa, a gida ɗaya, shekara uku." Na ce to zan sake tura Baffa. Ya ce, "Baffa zai iya faɗa mata abin da ka faɗa mini?"

An fara cirar gyaɗa na tafi Sara da hantsi, ni kaɗai, ba goro ba atamfa. A wurinmu abin kunya ne miji ya je bikon kansa, balle ya buɗe baki a gaban suruki. Na tarar da dattijon a zaure yana tufka igiya. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, in ka yarda ina so in yi magana da ita, a gabanka." Ya dube ni, sannan ya ɗaga murya ya kira ta. Ta fito hannunta duk ƙasar gyaɗa, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida, ba ta dube ni ba. Ta rame.

Zuciyata ta fara dukan nan nata, gumi ya keto mini. Na ja numfashi yadda aka koya mini, sau uku, surukina yana kallona. Sannan na ce mata, "Ban zo in ce ki dawo ba tukuna. Na zo in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar nan saƙonki ya same ni sau biyu, na zauna. Ba ke kika yi sake ba, ni ne. Abin da na faɗa miki ranar da ƙaramar ta faɗi, kaina nake zagi, na rasa ƙarfin hali na jefe ki da shi. Tsoro nake ji kullum, har asibiti nake zuwa a kansa. Kuma ba ranar da gari zai waye ban tuna ta ba." Sai na kira sunan yarinyar, cikakken sunanta na yanka, karo na farko a gaban wani babba. Surukina ya ajiye igiyarsa, ya ɗauki buta ya fita, alhali ko azahar ba ta kusa ba.

Ta ce, "Na ga zamanka a gindin tsamiya ai. Ta ɓular zana nake leƙenka, yarinyar tana kafaɗata."

Na ce, "Yaya aka yi a hanya?"

Ta daɗe tana murza ƙasar da ke tafin hannunta. 'Yar farin nan tawa ba ta taɓa ce mini Baba ba. Malam take ce mini, yadda ta ji uwarta tana faɗa, ni kuma ban taɓa gyara mata ba don ya yi daidai da kunyar da nake taƙama da ita.

Matata ta ce, "Da muka hau babur iska ta buge ta, ta ɗan farfaɗo. Ta ce mini, 'Malam fa?' Na ce yana bayanmu, yana tafe. Sai ta riƙa waiwaye. Duk ƙarar babur da ta ji sai ta ɗago kai daga ƙirjina ta duba. Har muka hau kwalta tana waiwaye. Daga nan jijjiga ta kama ta, ba ta sake ɗagowa ba." Muryarta ba ta ko rawa. Ta ce, "Maganar ƙarshe da na yi wa 'yata ƙarya ce, kuma saboda kai na yi ta. Shekara uku ina jira ka tambaye ni, Malam. Sai ka tambaye ni ko so nake in kashe ƙanwarta."

Na yi kuka a zauren surukina, kuka mai sauti, wanda na san an ji har cikin gida da maƙwabta. Ban ji kunyar kowa ba. Baƙin cikin da na ji a ranar ya fi na ranar da aka binne ta. Matata ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma tashi ta bar ni ba. Ta zauna a inda take, hawaye yana bin fuskarta ba ta sharewa, har na gaji don kaina.

Da na samu bakin magana na ce, "Don Allah ki yafe mini."

Ta ce, "Zan dawo in an gama shanyar gyaɗa, Baba ba shi da mai taya shi. Haƙƙina na yafe maka duniya da lahira. Nata kuwa ba a hannuna yake ba."

Ta miƙe ta karkaɗe zaninta, ta koma cikin gida wurin gyaɗarta.